Tarihin Marigayi Babban Joji Muhammadu Bello, Ɗan Muftin Katsina da Ya Zama Lauya

Mutumin da za a ba da tarihinsa a wannan fili shi ne Muhammadu Bello na Katsina, Allah ya jiƙansa, wanda ya soma da aikin lauya, ya ƙare yana Babban Jojin Nijeriya duka, shi ne kuwa ɗan Arewa na farko da ya hau wannan kujera. An haife shi a birnin Katsina cikin shekarar 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Mahaifinsa, Malam Muhammadu Gidado, shi ne Muftin Katsina, watau abin da bakin Hausa ya mayar muhuti, malamin da ake komawa gare shi neman nassi idan mas'ala ta rikice a gaban alkali. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba ya rasa jin kalmomin da'awa da inkari da shaida da rantsuwa tun kafin ya san ma'anarsu.

Kafin mu bi shi zuwa Ingila, ya kamata mai karatu ya tuna yadda ake shari'ar hakki a ƙasashen nan namu a wancan zamani, watau shari'ar bashi da gado da iyakar gona da ciniki da aure, wadda ba a neman ɗaurin kowa a cikinta, sai dai a karɓa wa mai hakki hakkinsa. Idan mutumin Zango ko Baure ko Sandamu yana bin wani kuɗin gyada, ko ɗan'uwansa ya ci masa iyaka, sai ya tafi wurin alkali da ƙafarsa, ya faɗi da'awarsa da bakinsa. Farkon aikin alkali shi ne ya rarrabe wane ne mudda'i, wane ne wanda ake da'awa a kansa, domin a kan wannan dukan sauran shari'a ke tsayawa, kuma da shi Ibnu Asimi, malamin Andalus, ya soma maganar rukunan hukunci a cikin Tuhfa, littafin da alkalanmu ke riƙe da shi tare da Muhtasar. Mudda'i shi zai kawo shaidu biyu adilai, ko kuwa shaida guda ya cika da rantsuwa idan maganar dukiya ce. In ya rasa, rantsuwa ta koma kan mai musu. Kafin a yanke hukunci sai alkali ya yi i'izari, ya tambayi wanda za a kayar ko da sauran wata hujja gare shi. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara har majalisar Sarki, a Daura kuwa wannan majalisa ta Sarki Abdurrahman ce, wanda ya yi sarauta tun 1911 har 1966.

Shari'a ba ta hana wakili ba. A mazhabar Maliki mutum yana da ikon ya wakilta mutum guda ya yi masa husuma ko abokin shari'arsa bai so ba, muddin dai bai riga ya zauna da shi kamar zama uku a gaban alkali ba. Amma lauya mai gashin doki a ka da baƙar riga, wanda sana'arsa ke nan yana karɓar lada, wannan dokar Turawa da kanta ta rufe masa ƙofa. Da Gwamna Lugga ya haɗa Kudu da Arewa cikin 1914, ya kafa kotunan lardi inda Razdan da Di'o ke shari'a, ya hana lauya shiga cikinsu. An soke waɗannan kotuna da gyaran 1933, aka kawo babbar kotu da ta majistare inda lauya ke iya tsayawa, amma kotun alkali da ta Sarki suka zauna a rufe gare shi, alhali kuwa can ne kusan dukan shari'ar talakawa take. To, sana'ar da ba ta da kasuwa wa zai sa ɗansa koyonta? Shi ya sa mutumin Kudu, Sapara Williams, ya zama lauya a London tun 1879, Arewa kuwa ba ta sami nata na farko ba sai 1955, da Abdulganiyu Abdurrazaƙ na Ilori ya gama. Tsakani shekara 76 ke nan. Abin da Arewa ta mai da hankali gare shi shi ne horar da alkalai, kamar makarantar shari'a da aka buɗe a Kano cikin 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Da mulkin kai ya matso, sai shugabannin Jihar Arewa suka ga ba shi yiwuwa a ce kowace doka za a rubuta, kowace ƙara za a kare, sai an ɗauko Bature ko mutumin Kudu. Aka zaɓi samari kaɗan don su koyi aikin lauya. Muhammadu Bello yana cikinsu, bayan ya yi elementare da midil a Katsina, ya kuma wuce kwalejin nan da yanzu ake kira Barewa. Wani ɗan Katsina kuma, Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina, shi ma wannan hanya ya bi. Da fari sai da suka je Kwalejin Jami'a ta Badun suka koyi Latin, domin a lokacin nan ana bukatarsa ga mai neman shiga karatun lauya a Ingila. Daga nan Bello ya tafi London cikin 1953, ya shiga Lincoln's Inn, ɗaya daga cikin gidaje huɗu waɗanda su kaɗai ke da ikon naɗa lauyan da zai tsaya gaban joji. Al'adar waɗannan gidaje a lokacin nan abin mamaki ce ga baƙo, gama ban da cin jarrabawa, wajibi ne ɗalibi ya halarci cin abincin dare a babban zauren gidan sau da yawa ƙididdigagge, in bai cika ba ba a naɗa shi. Asalin abin kuwa shi ne yaro ya zauna da manya ya ji yadda suke jayayya, kusan yadda almajiri ke ɗaukar karatu a zauren malami. Ya gama aka naɗa shi, ya komo gida, cikin 1956 ya kama aikin lauyan Gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna.

Shi da 'yan'uwansa na farkon nan gwamnati ta kwashe su, ba su sami sukunin buɗe ofis nasu su jira masu ƙara ba. Lauyoyin da ke karɓar ƙarar 'yan kasuwa a Kano da Kaduna da Jos, galibinsu mutanen Kudu ne da baƙi. Amma aikin ɗaya ne, ko wa mutum ke tsaya wa. A babbar kotu ƙarar hakki takan soma da takarda tun kafin kowa ya buɗe baki. Lauyan mai ƙara ya ɗauko sammaci, ya rubuta bayanin da'awa sakin layi sakin layi. Lauyan wanda ake ƙara ya mai da amsa, ya ce wannan mun yarda, wannan mun musa. Abin da aka yarda da shi ya fita daga jayayya, abin da aka musa shi za a kawo wa shaida, abin da mutum ya manta bai rubuta ba kuwa, ko gaskiya ne, joji ba ya sauraron shaida a kansa. Nan ne shari'a da yawa ke mutuwa tun ba a je ko'ina ba. Ran zama kowane lauya ya jagoranci shaidunsa, sa'an nan ya miƙa su ga abokin hamayya ya yi musu tambayar ƙure, wadda ita ce gwanintar sana'ar, domin lauyan kirki ba ya tambayar abin da bai san amsarsa ba. Joji ba ya ƙirga shaidu, ba ya neman mai tazkiyya ya wanke su, awo yake yi ya ga wace magana ta fi rinjaye, ko da kaɗan. Ga shi kuma mai ƙara da kansa yana iya shiga akwatin shaida ya shaidi kansa, abin da ɗan muhuti ya san ba a yi a gidan da ya fito.

Lauyan gwamnati yana da waɗansu garkuwoyi da lauyan talaka ba shi da su. A ƙarƙashin wata doka ta zamanin Turawa, wanda ke bin gwamnati hakki ba ya kai ta ƙara sai an ba shi izini daga gwamnatin kanta. Wata dokar kuma ta ce wanda zai yi ƙarar ma'aikacin hukuma bisa abin da ya aikata a bakin aikinsa, ya yi cikin wata uku, in ya wuce ya makara. Watau tun yana saurayi Bello ya ga cewa rabin shari'ar hakki a bakin ƙofa ake yinta, a kan ko za a bar mutum ya shiga ma tukuna. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa sunan mutumin ya tsaya daga baya.

Shekarun nan su ne na gyaran shari'a a Arewa. Cikin 1958 aka kira kwamitin masana a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, aka fitar da kundin laifuffuka na Final Kot wanda ya soma aiki cikin 1960, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a don al'amuran aure da gado da wasiyya da waƙafi. Bello ya yi ta hawa da sauri, gama mutane irinsa ba su da yawa. Cikin 1961 ya zama babban majistare a Zariya, ya je Jami'ar Harvard ta Amurka ya ƙaro karatu shekara guda, cikin 1964 ya zama shugaban masu gabatar da ƙararraki na Jihar Arewa, cikin 1966 ya zama jojin babbar kotu. Yana wannan kujera aka soke kotunan sarakuna, har da ta Daura, aka ɗauke alkalai daga hannun En'e aka mai da kotunansu na yanki tsakanin 1967 da 1968. Cikin 1975, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka kai shi Kotun Ƙoli a Ikko. Yana cikin alkalai bakwai da suka saurari ƙarar Cif Awolowo da Alhaji Shehu Shagari cikin Satumba 1979, wadda ta rataya a kan ƙuri'un Jihar Kano da lissafin sulusi biyu na jihohi 19, ya kuwa kasance tare da masu rinjaye da suka tabbatar da zaɓen Shagari.

Hukuncin da ɗaliban lauya suka fi saninsa da shi ya zo cikin 1981. Shugaba Shagari ya naɗa Mai Shari'a Ovie-Whiskey, wanda ke Babban Jojin Jihar Bendel, ya shugabanci hukumar zaɓe. Sanata Abraham Adesanya ya ce naɗin ya saɓa wa tsarin mulki, ya yi jayayya a Majalisar Dattawa aka rinjaye shi, sai ya garzaya kotu, lauyansa kuwa Gani Fawehinmi ne. Babbar kotu ta Ikko ta ba shi gaskiya. Da magana ta hau sama, sai aka ajiye batun naɗin gefe guda, aka ɗauko wata tambaya, wai shin shi Sanatan yana da hurumin kawo wannan ƙara? Me aka ci masa? Alkalan Kotun Ƙoli bakwai suka haɗu a kan ba shi da hurumi, amma kowa da hanyar da ya bi. Babban Joji Fatai-Williams ya karkata ga a sassauta wa ɗan ƙasa idan maganar keta tsarin mulki ce, sai dai ya ga bai kamata sanatan da aka kayar a majalisa ya zo kotu neman ramuwa ba. Bello kuwa ya ɗaure abin da sashe na 6 na tsarin mulkin 1979, ya fahimci cewa ikon kotu yana tashi ne idan hakkin mutum na kansa, ko wajibin da ke kansa, shi ake jayayya a kai, an taɓa shi ko ana shirin taɓawa. Wanda ba a taɓa nasa ba, kome kyawun niyyarsa, kotu ba ta da abin da za ta yanke masa.

Wannan fahimta tasa ita ƙananan kotuna suka ɗauka suka yi ta aiki da ita shekara da shekaru, har ta zama sandar farko da lauyan gwamnati ke ɗagawa. Mutum ya zo yana kukan an karkatar da dukiyar jama'a, a tambaye shi nawa ne nasa a ciki. In ya ce cutar ta game kowa, a ce to ba ta fi shafarsa bisa ga sauran mutane ba, a kore ƙarar, ba a ko duba gaskiyarta ba.

A ganinmu mutumin yana da hujja, kuma hujjar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san zauren alkali. Ko a fiƙihu ba a sauraron da'awa sai ta zama a kan abu sananne, daga mai hakki ko wakilinsa ko waliyyinsa, in ba haka ba kowane mai neman fitina sai ya ja maƙwabcinsa gaban alkali a kan gonar da ba tasa ba. Joji kuma da ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya sha kaye a majalisa, ya mai da kotu majalisa ta biyu. Amma fiƙihun nan ya bar wata ƙofa ta dabam, ta hisba, inda a al'amura kamar waƙafi da saki da shayarwa, wanda ya san an keta haddi wajibi ne ya kai magana ga alkali ko ba wanda ya kira shi, ko ba shi da ko anini a ciki. Dukiyar jama'a ta fi kama da waƙafi bisa ga gonar mutum guda, mai ita kowa ne, saboda haka in an ce sai mai ita kaɗai zai yi ƙara, an ce ba mai yi ke nan. Nan ne muke ganin awon Bello ya yi ƙunci.

Cikin 1987, shekarar da aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna aka haɗa masarautun Katsina da Daura a cikinta, ya gaji Ayo Irikefe ya zama Babban Jojin Nijeriya. A ƙarshen shekarar nan kotun da yake shugabanta ta buɗe ƙofar kaɗan. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam cikin ƙunshin wasiƙa a watan Oktoba 1986, Gani Fawehinmi ya nemi ya gurfanar da waɗansu manyan jami'an tsaro biyu da kansa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba shi da hurumi, Kotun Ƙoli ta ce yana da shi, domin a al'amarin laifi doka ta ba kowane mutum wannan dama. Hurumi kaɗai aka yanke a nan, ba a kama kowa da laifin ba. A shari'ar hakki kuwa sassauci ya jinkirta har bayan ransa: ƙa'idodin 2009 sun hana a kori ƙarar hakkin ɗan Adam don rashin hurumi, cikin 2018 kuma Kotun Ƙoli ta yarda wata ƙungiya mai kula da gurɓatar muhalli ta yi ƙarar kamfanin mai na ƙasa bisa malalar mai, ko da yake rafin da ya ɓaci ba nata ba ne. Ƙofar kotun alkali ma da aka rufe wa lauya tun zamanin Turawa, kotuna sun buɗe ta bayan tsarin mulkin 1979, shi ya sa yau ake ganin lauya tsaye a kan maganar gado a Daura.

Dukan shekarunsa takwas da watanni a wannan kujera a ƙarƙashin soja ya yi su, in ban da 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya cikin 1993. Soja kuwa suna da tasu hanyar rufe ƙofa, wadda ta fi ta hurumi ƙarfi. Tun 1970, da Kotun Ƙoli ta kayar da gwamnati a shari'ar Lakanmi a kan ƙwace dukiya, aka fito da doka ta 28 aka shafe hukuncin. Cikin 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, doka ta 13 ta maimaita wannan, ta hana a shigar da ƙarar hakki a kan abin da aka aikata bisa dokar soja. Bello ya ɗauki gwamnatin soja a matsayin hukuma mai iko wadda dokarta ke ɗaure kotu, lauyoyi masu zafi irin su Fawehinmi suka yi ta sukarsa a kan haka, suna ganin ya cika lallashi. Masu kare shi suna cewa jojin da ya yi karo da bindiga kotun zai rasa gaba ɗaya. Aikin da ba a jayayya a kansa shi ne Cibiyar Horar da Alkalai ta Ƙasa da aka kafa cikin 1991 yana shugabanta, inda joji da majistare da alkalin kotun shari'a ke zuwa ƙarin ilmi.

A ƙarshen aikinsa sai ga shi da kansa ya zama mudda'i. Jaridar Concord, mallakar Cif Mashood Abiola, ta buga labarin wai gwamnatin Janar Babangida ta ba alkalan Kotun Ƙoli kyautar motocin Marsandi. Bello da 'yan'uwansa alkalai suka ga an zubar musu da mutunci, suka ɗauki lauya, suka kai ƙarar ɓata suna a babbar kotun Jihar Ikko suna neman diyya mai yawa. Hurumi kam suna da shi, ba mai musu, sunansu aka taɓa. Ana nan sai aka kama Abiola cikin Yuni 1994, bayan ya ayyana kansa shugaban ƙasa bisa zaɓen 12 ga Yuni 1993 da aka soke. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta ba da belinsa, gwamnati ta ƙi sakinsa ta haura Kotun Ƙoli. Lauyansa, G.O.K. Ajayi, ya tashi ya ce mutanen da ke ƙarar jaridar Abiola ba su zauna su yi wa Abiola shari'a ba. Cikin 1995 Bello ya karɓi wannan magana, shi da sauran masu ƙarar suka janye daga shari'ar, bisa ƙa'idar da kotun joji da zauren alkali suka haɗu a kanta, cewa abokin husuma ba ya zama mai hukunci. Janyewar daidai ce, amma waɗanda suka rage ba su kai adadin da za su zauna ba, Janar Abacha kuwa ya ƙi naɗa sababbin alkalai. Haka maganar belin ta kwanta, Abiola ya rasu a tsare ran 7 ga Yuli 1998.

Bello ya ajiye aiki cikin Disamba 1995 da ya cika shekara 65, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi. Ya rasu ran 4 ga Nuwamba 2004. Mazaunin cibiyar horar da alkalai da ke Abuja sunansa aka sa masa.